Ni, Surukina da Tattabarun Trafalgar

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ta watan Yuni ba, ko da na so in manta, domin matata Safiya ta sha alwashin ba za ta bar ni ba. Duk baƙon da ya kwana biyu a gidanmu sai ya ji labarin, kuma kullum da ɗan ƙari. Shi ya sa na ga gara in bayar da shi da bakina, tunda dai mutuncin ya riga ya zube.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Muna zaune a Thamesmead, a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, can sama, cikin waɗannan dogayen gine-ginen siminti da duk inda ka juya iri ɗaya ne. Ni da Safiya da 'yarmu Ummi, wadda a lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Sai mahaifin Safiya ya zo daga Malumfashi a yi masa aikin yanar ido, ya sauka a wurinmu.

Bari in gaya muku ko wane ne surukina. Tsohon hedimasta ne, dogo, marar yawan magana. In ya kalle ka ta saman tabarau, sai ka fara tuno laifin da ka yi tun kana aji uku. Lokacin da aka je nema mini auren Safiya bai hana ba, amma ya faɗa wa kawuna magana ɗaya, wai shi abin da yake tsoro da yaran da suka daɗe a Turai, suna samo digiri su zubar da kunya. Kawuna ya kawo mini maganar da zafinta, ni kuma na riƙe ta a zuciya shekara da shekaru. Don haka da aka ce Baba zai zo, na ƙudura cewa kafin ya koma sai ya tabbata 'yarsa tana hannun Bahaushe na gaske, mai kunya, mai addini.

Na kuwa dage. Gaisuwar safe a tsugune, ta yamma a tsugune, har gwiwoyina suka fara ƙara. In yana falo ba na zama a kujera. Uwa uba, ba na cin abinci a gabansa, kamar yadda aka san suruki da suruki. To a gida wannan abu ne mai sauƙi, akwai zaure, akwai tsakar gida, kowa da inda zai ɓuya da kwanonsa. Amma a flat mai ɗaki biyu da teburi ɗaya fa? Haka na koma cin abinci a tsaye a bayan ƙofar kicin, ina tauna a hankali kada a ji, wani lokacin ma a cikin mota kafin in hau sama (ni da nake biyan kuɗin hayar gidan, ku ji fa). Duk sanda ya ce in zo mu ci, amsata ɗaya ce, na ƙoshi.

Da aka cire masa bandeji, idon ya washe, sai ya ce yana da buri guda. Ya yi shekaru yana koya wa yara labarin London daga hotunan littafi, yanzu yana so ya gan ta da sabon idonsa. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Safiya ta tashi da wuri ta yi dafa-duka, ta soya kaza, ta cika leda da cincin, ta zuba zoɓo a gora. Ni kuma na zaro farar shaddata da hula, don kada a ce an ga surukin hedimasta da wandon jins. Garin guga da neman kyamara da cusa wa Ummi takalmi, abin da ya shiga cikina da safen nan rabin kofin shayi ne, shi ma a tsaye.

Muka hau bas zuwa Plumstead, daga can jirgin ƙasa ya kai mu tashar London Bridge, muka taka a bakin kogi har muka haye Tower Bridge. Baba ya tsaya a tsakiyar gadar ya daɗe yana kallon ruwa, ya ce ashe ta fi ta cikin littafi girma. Daga nan muka shiga Tower, wannan tsohuwar ganuwar dutse inda sarakunan da suke tsare mutane su sare musu kai. (Gaskiya ni ma ranar na fara shiga. Shekaruna a London ban san ko'ina ba sai hanyar aiki da kasuwar Woolwich, amma na riƙa gyaɗa kai kamar a nan aka yanke mini cibiya.) Muka ga kambunan sarauta a bayan gilashi, muka ga sulken yaƙi, muka ga wasu manyan hankaki baƙaƙe wuluk suna yawo kamar su ne masu gidan. Baba yana riƙe da hannun Ummi yana yi mata bayani.

"Amaryata, kin ga nan? Nan ake kulle wanda bai ji magana ba."

"I'm good, Kaka," in ji ta. Hausar tana ji sarai, amsawa ce ba ta yi sai da Turanci.

Ni ne mai ɗaukar jakar abinci. Duk matattakalar dutsen da muka hau, ƙamshin kazar nan yana tasowa yana dukan hancina. Kafin mu fito rana ta take, cikina ya fara kiran sunana.

Muka samu benci a bakin kogi, Safiya ta buɗe kula. Na ja gefe na tsaya ina duba taswira, alhali ba abin da nake gani a cikinta. Sai na ji muryar Baba.

"Matso mana, bismillah."

"Na ƙoshi, Baba."

Ya ajiye cokali. Ya kalle ni ta saman tabarau da wannan sabon idon da likita ya wanke tas.

"Kai kullum a ƙoshe kake? Tun da na zo ban ga ka kai loma baki ba. Ko girkin gidan ne bai yi maka ba?"

Safiya ta ɗago ta zuba mini ido. In na ce na ƙoshi, na ci mutuncin girkinta a gaban mahaifinta. In na zauna, na rushe ginin da na yi makonni ina yi. Mai hankali da sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, dattijo zai gane kunya ce, magana ta wuce. Amma ni ina so in yi fice. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"A'a Baba, azumi nake yi."

"Azumi? Na Litinin?"

"E, Baba."

"A London?"

"Ana dai ƙoƙartawa, Baba."

Jama'a, fuskar mutumin nan ta sake. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya dube ni haka ba. Ya ce "Masha Allah" har sau biyu, ya juya wurin 'yarsa ya ce ta gode wa Allah. Safiya ta ƙware da zoɓo, sai da Ummi ta bubbuga mata baya. Ni kuwa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna, daɗi na ji. Na ji kaina ya yi girma. Har na ɗan lumshe ido irin na masu ibada.

Da suka gama muka nufi inda ake hawa jirgin ruwa, Safiya ta rage sauri har muka jera.

"Baban Ummi, azumi ko? Shayin da na haɗa da safe aljani ne ya sha?"

"Ki rufa mini asiri don Allah."

"Ni ba ruwana. Allah Ya karɓa, Malam."

A bakin tashar jirgin ruwan akwai wani ɗan kanti na sayar da lemo da katunan hoto, ashe wanda ke tsaronsa ranar Malam Issaka ne, wani Bahaushen zango daga Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Yana hango ni ya fito da murna.

"Ei, maigida! Yau ka zo town da family duka?"

Na gabatar da Baba, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma da gudu ya kwaso mana lemo mai sanyi, gwangwanin har raɓa yake yi. Na miƙa hannu ke nan Baba ya ce, "Nasa a ba yarinya, shi yana azumi."

Issaka ya dafe ƙirji. "Azumi? Cikin summer nan? Ei, Alhaji! Rana nan ba shi faɗi sai ya wuce nine o'clock fa. Wallahi surukinka waliyyi ne. Ni ko na Ramadan da ƙyar nake kai shi."

Baba ya juyo a hankali. "Ƙarfe tara?"

"Haka ne, Baba," na ce, muryata ta fita siririya.

Ba wai ban sani ba ne. Na sani sarai cewa a watan Yuni ranar London ba ta da niyyar faɗuwa. Amma a waɗancan shekarun Ramadan yana zuwa ne tun sanyi bai gama tafiya ba, ban taɓa haɗa azumi da wannan doguwar rana a kaina ba. Sanda na yi ƙaryar, lissafin Malumfashi na yi, inda kafin bakwai an sha ruwa. Na saci kallon agogo, na shiga ƙirga awannin da suka rage. Baba kuwa sai ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wa Issaka, "Ai mun yi dace."

Jirgin ruwa ya ɗauke mu zuwa Westminster. Mai yi wa fasinja bayani yana ta nuna gine-gine, ni ba abin da nake gani sai wani Bature a gabana da ke cin soyayyen dankali, yana lashe gishirin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Muka sauka a ƙarƙashin Big Ben, Baba ya cire agogonsa ya daidaita shi da na hasumiyar, yana murmushi kamar yaro. Muka zagaya babban cocin nan mai kaburburan sarakuna, muka taka har Buckingham Palace, fadar Sarauniya. Baba ya leƙa ta tsakanin ƙarafunan shinge ya ce shi ya zaci ta fi haka ado. Ni kuma na tsaya ina kallon sojan nan mai doguwar baƙar hula da ba ya ko motsi, ina yi masa hassada, don na san ko ba jima ko ba daɗe za a canje shi ya je ya ci abinci.

A lambun da ke kusa muka tsaya yin sallah. Wajen alwala na daɗe da ruwa a baki ina shawara da zuciyata, amma Baba yana tsugune a gefena, dole na zubar. Da muka shimfiɗa ɗankwalin Safiya da jarida a kan ciyawa, na ja baya don ya shige gaba, sai ya ce, "A'a, mai azumi ne zai ja mu." Haka na ja surukina sallah da ƙarya a wuyana. A ruku'u cikina ya yi wani irin ƙugi da na tabbata har agwagin da ke bakin tafki sun ji.

Lokacin da muka iso dandalin Trafalgar Square da la'asar, ni dai sai a hankali. Kaina yana sarawa, leɓena ya bushe, shaddar ta manne mini a baya. Wanda ya san wurin a wancan zamanin ya san tattabarunsa, ba su ƙirguwa, ko'ina ka taka su ne. Har akwai mai sayar da hatsi a ɗan kofi don a ba su. Baba ya saya wa Ummi, suka shiga cikinsu tana ihun murna, shi kuma ya karɓi kyamara yana ɗaukarta. Safiya ta zauna a bakin maɓuɓɓugar ruwa ta cire takalmi tana matsa ƙafa.

Sai shaiɗan ya matso kusa da kunnena. Ya ce ai kai ba azumi kake ba, wa za ka cuta? Ya ce ga jaka a kafaɗarka, ga sauran kaza a ciki. Ya nuna mini manyan zakunan ƙarfen nan huɗu da ke kwance a gindin doguwar hasumiya, kowanne a kan dakalin dutse da ya fi tsayin mutum. Na ce wa Safiya zan je in duba lokacin jirgi, in ji ko an yi cancel ɗin wani. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "A duba lafiya."

Na zagaya bayan zakin da ya fi nisa da su, na tsuguna na ba jama'a baya. Na buɗe kula na damƙo cinyar kaza na kafa mata haƙori. Wayyo daɗi! Ban taɓa cin kaza irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Haɗama ta ce in haɗa da cincin. Na sa hannu ɗaya zan kwance ledar, ƙullin Safiya ya ƙi, na fizga da ƙarfi, leda ta yage. Cincin ya watse a cinyata, a ƙasa, cikin aljihun gaban riga, har cikin takalmi.

Tattabara ɗaya ta sauka. Na ce mata "kis". Kafin in rufe baki sai na ji kamar an yaye rufin kwano, fuka-fukai ta ko'ina. Suka rufe ni ruf. Wasu a kafaɗa, wasu a gwiwa, wasu suna tura kai cikin aljihuna, wata ƙatuwa ta hau hulata ta zauna daram. Ina ta juyi ina kora da hannun hagu, na dama yana riƙe da kula kada ta kife, cinyar kaza kuwa tana bakina don ba inda zan ajiye ta. Abin da farar shadda ta gani a wannan ɗan lokacin ba zan faɗa ba, ku dai ku ƙiyasta.

Masu yawon buɗe ido suka fara taruwa. Ina jin dariya da yaruka kala-kala, ina jin ƙarar kyamarori. Su a ganinsu wani wasa ne, baƙin mutum cikin fararen kaya tsuntsaye sun yi masa rawani. Can cikin hayaniyar na tsinkayi wata murya da na sani, tana matsowa.

"Amaryata, zo ki ga wani bawan Allah da tsuntsaye suke so. Tsaya in ɗauke shi."

Na daskare. Na roƙi Allah Ya sa tattabarun nan kada su tashi har abada. Sai wani yaro ya rugo ya buga ƙafa, suka tashi gaba ɗaya, fir! Aka bar ni tsugune a fili, hula a karkace, gashin tsuntsu a gemu, cinyar kaza a baki, ina fuskantar surukina. Yatsansa ya riga ya danna, na ji ƙyas. (Hoton yana nan a wurin Safiya, ta ƙi gaya mini inda take ɓoye shi.)

Baba ya sauke kyamara a hankali. Na so a ce likitan nan bai iya aikinsa haka ba. Ban iya haɗiyewa ba, ban iya tofarwa ba, ban iya miƙewa ba. Ummi ta ce, "That's Daddy!" kamar akwai mai shakka. Safiya ta iso da takalmi a hannu, ta ga abin da ake ciki, ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni, har kunnuwana suka yi zafi.

Na jira faɗa, ko wannan kallon na saman tabarau. Sai ya yi gyaran murya ya ce, cikin natsuwa kamar yana karanta sanarwa a taron ɗalibai:

"Mantuwa ce. Wanda ya ci da mantuwa azuminsa yana nan. Cire na bakinka, ka kurkure, ka ci gaba."

Na cire. Na kurkure. Ya miƙo hannu.

"Kawo jakar, kada a sake mantar da kai."

Haka dattijon nan ya rataya jakar abinci a kafaɗarsa har tashar Charing Cross, ni ƙato ina biye da shi hannu rabbana, ina warin tsuntsu. Muka shiga jirgi. Wata tsohuwar Baturiya da na zauna kusa da ita ta tashi ta canja kujera. Ina ta juya abin a raina: ya yarda mantuwa ce, ko rufa mini asiri ya yi? In ya yarda, na tsira, amma na cuci mutumin kirki. In bai yarda ba, to maganar da ya faɗa wa kawuna ta tabbata, kuma ni na tabbatar masa da ita da hannuna.

Muka iso gida rana tana nan garau kamar yanzu aka yi la'asar. Na yi wanka na canja kaya. Safiya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ƙamshi ya cika flat. Ta zo za ta zuba wa Baba, ya ce a ba yarinya ta ci ta kwanta, shi ba zai sa komai a baki ba sai mai azumi ya sha ruwa. Ta ce, "Baba, maganinka fa?" Ya ce magani zai jira. Ta wuce ni a ƙofar kicin ta watsa mini wata harara da har yau ina jin zafinta.

Muka zauna a falo, shi a kujera yana jan carbi, ni a ƙasa. Ta taga muna kallon rana tana jan ƙafa a saman gine-ginen simintin nan, ta ƙi sauka. Yara suna ta ƙwallo a ƙasa. Tsoho mai shan magani yana zaune da yunwa saboda ƙaryata, ni kuma na kasa buɗe baki.

Da ƙyar dai rana ta faɗi. Baba ya tashi da kansa ya kawo dabino a ɗan faranti da kofin ruwa, ya ajiye a gabana. Na miƙa hannu, sai ya ce:

"Dakata. Kafin ka sha, yi mana addu'a, ta mai azumi ba a mayar da ita. Ka sa mahaifiyar Safiya a ciki, Allah Ya haskaka kabarinta."

Ya ɗaga hannuwansa, ya rufe ido. Safiya da ke tsaye da tire ta ajiye, ita ma ta ɗaga nata, ba alamar dariya a fuskarta yanzu. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarta, kuma ba ta samu zuwa jana'iza ba.

Nan ƙaryata ta ƙare. Na iya yi wa mai rai, amma na kasa ɗaukar ta in kai kan kabari. Na dubi hannuwan tsohon nan a sama suna jiran amin, na ji hawaye ya cika mini ido.

"Baba, ka gafarce ni. Ban ɗauki azumi ba. Ba mantuwa ba ce, ƙarya na yi tun farko. Kunyar cin abinci a gabanka nake ji."

Bai sauke hannun nan da nan ba. Sai da ya ɗan jima, sannan ya shafa fuska ya buɗe ido.

"Na sani," ya ce. "Na yi shekaru ina kallon fuskokin yara. Na san ta mai azumi, na san ta mai yunwa. A bakin kogi ka ruɗe ni, ban ɓoye maka ba, har na ji daɗi. Amma tun a wurin alwala na gane."

Na sunkuyar da kai har goshina ya kusa taɓa kafet.

"Na ba ka hanya a wurin zakunan nan don kada ka tozarta a gaban iyalinka. Sauran kuma na bar maka, in ga inda za ka tsaya. Da ka ɗaga hannu ka yi addu'ar nan a matsayin mai azumi, da na koma gida da damuwar inda na kai 'yata." Ya dube ni ta saman tabarau. "Kunyata da kake ji, na gode. Amma ni mutum ne, yau ina nan gobe ba ni. Wanda ka ari ibadarSa ka fake da ita Ya fi ni cancantar a ji kunyarSa."

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ce wa Safiya ta zuba mana a kwano ɗaya.

"Addu'ar kuma har yanzu ina so," ya ce. "Ta mai yunwa ma Allah Yana ji."

Na yi ta, suka shafa. Sannan ya turo mini ruwan wanke hannu. Ranar na fara cin abinci da surukina, hannuna da nasa a kwano guda. Lomar farko da ƙyar ta wuce saboda kunya, amma ba zan yi muku wata ƙaryar ba, na baya ba su sha wahala ba. Har sai da Safiya ta ƙaro tuwo.

Muna wanke hannu ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Litinin mai zuwa sai mu yi na gaske, ni da kai." Muka kuwa yi, tun daga asubar London da ke fitowa mutum bai gama juyi a gado ba, har ranar nan mai taurin kai ta ga dama ta faɗi. Shi ko a jikinsa, ni kuwa a kwance na ƙarasa.

Abin da na koya ba shi da yawa. In surukinka ya ce bismillah, ka wanke hannu ka zauna, kunyar loma a gabansa ba ta kashe kowa, kuma ba ta kai rabin wadda na sha ba. In kuma ka ga dole sai ka nuna kai na Allah ne a birnin London, to don girman Allah ka bari sai watan Disamba.